Dillali ya ci, bakanike ya ci, motar gas tana kwance a Agege

Akwai wata ƙarya da ake yawo da ita a tsakaninmu 'yan Arewa mazauna Legas, kuma ta isa haka nan. Da zarar mutum ya tara ɗan abin da ya tara ya ce zai sayi motarsa ta farko, sai dillalai su yi masa caa da magana guda: sayi mai gas, wato dizal, ba ta shan mai, injinta ba ya mutuwa. Da wannan maganar aka raba ni da kuɗin da na yi shekaru ina tarawa a cinikin albasa a kasuwar Mile 12, kuma da ita ake raba wasu da nasu har gobe.

Ba da ka na je ba. Na tafi da bakanike, an tayar da mota, an zaga da ita, an duba takardun kwastan. Motar Turai ce ƙirar 2010, mai dogon bodi, daidai ɗaukar iyali da ɗan kaya. Dillalin kuma ɗan'uwanmu ne, masallaci ɗaya muke Juma'a. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, wallahi wannan har ɗanka sai ya gaje ta. Wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai kanti." Ya karɓi la'ada a hannuna, ya karɓa a hannun mai mota. Da matsala ta taso na neme shi, abin da ya ce kawai shi ne, "Ai mota sai haƙuri, Alhaji, ƙarfe ne." Daga ranar wayarsa ta daina shiga. Tsakani da Allah, wannan ciniki ne ko cin amana?

Maganar ƙarkon injin gas tana da asali. Tsofaffin Marsandi irin 200D da 190D, da Fijo 504 mai gas, famfon da ke tura musu mai ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta, duk man da ka ɗura musu za su haɗiye su yi gaba. Sunan da waɗannan suka bari ne dillalai ke ci da shi yanzu. Amma tun ƙarshen shekarun 1990 Turawa suka canja tsari. Famfon yanzu yana matsa mai da ƙarfin da ya kai bar 1,600 ko fiye, ya tura shi ta injekta masu ƙofofin da ba su wuce kaurin gashin kai da komai ba, kuma kwamfuta ce ke ba su umarnin buɗewa da rufewa. Ɗan ruwa ko ɗan datti ya isa ya kashe su. Mutumin da ya shekara goma yana dillancin mota ya san wannan sarai. Shiru yake yi don la'adarsa ta fito.

Kuma me ya sa irin waɗannan motocin suka cika tashar jiragen ruwa ta Tin Can da filayen sayar da mota? Can inda aka ƙera su an fara korarsu. Birnin Hamburg ya hana tsofaffin motocin gas bin wasu tituna a 2018, Landan ta ɗora musu harajin shiga tsakiyar gari a 2019. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Abin da suka gaji da shi ne ake wanke mana, a fesa masa turare, a ce tokumbo ce lafiyayya.

Sai maganar mai. An ce min zan samu sauƙi. Wane sauƙi? A ƙasashe irin Jamus harajin gas bai kai na fetur ba, shi ya sa suke sayen waɗannan motocin. Mu nan gas ba shi da tallafi tun kafin a cire na fetur a watan Mayun 2023. A farkon 2022 lita tana wajen naira 300, kafin shekarar ta ƙare ta haura 700, a farkon 2024 kuma ta wuce 1,500 a wurare da dama, kafin matatar Dangote ta fara fitar da nata a ɗan samu sa'ida. Ɗan ragin shan da motar ke yi, tsadar litar ta cinye shi.

Da ma tsadar ce kaɗai, da na haƙura. Abin da ke ƙona min rai shi ne ka biya wannan kuɗin a ɗura maka guba. Injin da aka ƙera wa man Turai, wanda tun 2009 sinadarin salfa a cikinsa ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan, shi aka kawo ƙasar da ta yi shekaru tana amincewa da kashi 3,000. Ga masu gauraya shi da kananzir, ga na tacewar daji da ke shigowa ta bayan fage, ga tankunan ƙasa da ruwan sama ke shiga. Da idona na ga bakanike ya kwance filta ya tsiyaye abin da ke ciki a gorar ruwa. Bayan ɗan lokaci ruwa ya kwanta a ƙasa, mai ya tsaya a sama, ga wani ɗan garin ƙarfe yana ƙyalli a gindin gorar. Wannan garin, cikin famfona ne ya goge. Gas shi ne ke santsa famfo, kananzir kuwa ba shi da wannan maiƙon, ƙarfe sai ya ci ƙarfe, garin ya bi layi ya shiga injekta duka huɗu. Na ɗauki gorar na koma gidan man da rasit ɗina. Manajan ko kallon gorar bai yi ba, ya ce in kawo shaidar cewa nasu ne. A ina talaka zai samo wannan shaidar?

Akwai kuma abin da ba wanda ya faɗa min, alhali shi ya fi dacewa a fara faɗa wa mazaunin Legas. Motocin gas na waɗannan shekarun suna da matacin hayaƙi a cikin salansa, wanda ke tare baƙin toka. Ba ya wanke kansa sai mota ta samu gudu mai ɗorewa na kamar minti ashirin, ta yi zafi sosai ta ƙone tokar. Ni kuwa hanyata daga Agege ne in bi Ikeja, Ojota, Ketu, in sauka Mile 12, giya ɗaya giya biyu, ƙafa a kan kuloci. Ina gudun yake? Har tsohuwar Baturiyar da aka yi min talla da ita, in ma da gaske akwai ta, irin tuƙinta na daga gida sai kanti shi ne ainihin abin da ke toshe wannan matacin. Ranar da ya toshe, fitila ta kama, mota ta ƙi jan kanta a tsakiyar titin Ikorodu. Kafin janwe ya iso, samarin titi sun zo sun karɓi nasu, wai kuɗin tsayuwa a wurinsu.

Amma duk cikin waɗanda suka cuce ni, makanikai ne suka fi ci min rai. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah. Sai dai ƙwararrun gas na gaske suna wajen tirela da tanka a Apapa, ko suna bin manyan janareto na kamfanoni, ba su da lokacin ƙaramar mota. Wanda ya rage maka shi ne mai garejin unguwa da ya saba da motar fetur, kuma har abada ba zai ce "ban iya ba". Sai dai, "Maigida, ka bar min ita, ƙaramin abu ne." Ya canja hita fulogi, ba ta tashi daidai ba. Ya canja filta. Ya ce sensa ce. Ya ce batir ya yi sanyi. Kowane zato da kuɗina ake gwada shi, kuma ko sau ɗaya bai ce a kai ta a yi mata sikanin a ga abin da kwamfutar ke faɗi ba, sai da na yi masa tsaye. Injekta ana ɗora ta a kan na'ura ne a auna feshinta kafin a yanke mata hukunci, in an sa wata kuma a shigar da lambarta cikin kwamfutar motar. Shi da kunne yake aunawa. Ya tafi kasuwar kayan mota ta Ladipo ya sayo min injekta na Beljiyam, wato na hannu, a wani shago, garantin kwana uku, kafin ya gama ɗaurawa garantin ya ƙare. Biyu daga ciki matattu ne. Mai shago ya ce bakanike ne ya lalata, bakanike ya ce mai shago ne ya ba shi ruɓaɓɓu, ni da na biya ina tsaye a tsakiya ba mai kallona.

Abin da ya fi min ciwo, ba tare da ya tambaye ni ba ya yanke salansa, ya fasa matacin ya zazzage, ya kwashe har da indomin da ke kusa da shi, wato ɗaya abin da ke tace gubar hayaƙi, ya yi walda ya mayar. Kowa a Legas ya san sayar da wannan abin ake yi, da kuɗi mai kauri. Da na tuhume shi sai ya ce, "Maigida, ai taimakonka na yi, yanzu za ta numfasa." Yanzu in na taka, baƙin hayaƙi ne ke turnuƙe masu babur da masu talla a bayana, wari yana shigowa inda yarana ke zaune, fitilar kuma ba ta mutu ba. Da wane ido zan kai ta gwajin takardar cancantar hawa titi? Haba jama'a! Dukiyar mutum ce fa, ba tsintuwa ba.

Ba zan bar maganar a bakin gareji ba. Na kai ƙarar dillalin da bakaniken gaban shugabannin al'ummarmu na unguwa, tunda a gabansu muke gaisawa kullum. Abin da nake nema a fili yake: a dawo min da abin da aka cire a salansa ko kuɗinsa, a dawo da kuɗin injekta biyun nan, dillali kuma ya zo ya maimaita rantsuwarsa a gaban mutane. Ina kuma roƙon shugabannin su wajabta wa duk dillalin da ke cin abinci da sunan 'yan'uwantaka ya rubuta yarjejeniya, a yi wa mota sikanin a gaban mai saye kafin kuɗi ya fita. Yanzu an ce sai an canja famfo gaba ɗaya. Na ce ba wanda zai sake sa wa motar sifana sai an rubuta min abin da za a yi, da farashinsa, da wanda zai ɗauki asara in bai yi ba, kuma duk abin da aka cire a miƙo min shi a hannu.