A fita da iyali a kwana a waje, kuma maigida ya karɓi murhu

Jama'a, hunturu ya kusa, makarantu za su ba da hutun ƙarshen shekara, kuma na san yadda hutun zai ƙare a yawancin gidajenmu na birni: yara a falo kowa da waya, uwa a kicin daga safe har dare, uba a majalisa. Ra'ayina shi ne duk magidancin da Allah Ya hore wa hali ya ɗebi iyalinsa ya fita da su bayan gari su kwana ko da dare ɗaya ne, a hura wutar itace, a dafa abin da za a ci a kanta. Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na sassauci a kansa: a wannan fitar, uwargida ba za ta taɓa tukunya ba. Maigida da yara su ne masu girki.

Na san abin da wasu za su fara cewa, wai kwana a tanti al'adar Turawa ce. Ni ban yarda ba. Kakanninmu fatake sun yi watanni a hanyar Gwanja suna fataucin goro, duk inda rana ta faɗi musu nan suke sauke kaya a zango, su kafa duwatsu uku su dafa abin da ke cikin mangala. Manoma har gobe suna kafa bukka a gona lokacin girbi su tare can, makiyaya kuwa rayuwarsu ke nan. Abin da ya ɓace mana shi ne yaran da aka haifa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi cikin gidan siminti, da yawansu sun kai shekara goma sha biyar ba su taɓa hura wuta da hannunsu ba, ba su san bambancin busasshen ice da ɗanye ba, ba su taɓa ganin kaza da 'ya'yanta a sararin sama ba saboda hasken fitilun gari ya rufe taurari.

Maganar tsaro kuwa gaskiya ce, ba zan yi mata kwana-kwana ba. Dajin Kamuku a Birnin Gwari da dajin Rugu a Katsina ba wuraren kai iyali ba ne a halin da ake ciki, wanda ya ce maka ka je can bai ƙaunace ka ba. Amma kwana a waje ba ya nufin kutsawa cikin ƙungurmin daji. Gonar kawunka da ke bayan ƙauyenku, wadda ana iya jin kiran sallar asuba daga cikinta, ta isa. Lambun wani amini a bakin fadama ya isa. Abin da ake bukata shi ne wurin da mutanensa suka san ka, ka sanar da mai unguwa ko dagaci cewa za ka kwana da iyali, kuma mota na iya fita da kai cikin dare idan wani abu ya taso. Wanda ma bai samu wannan ba, ya fara da tsakar gidansu na ƙauye, a shimfiɗa tabarmi, a kashe janareta.

Ga mai ƙarfin aljihu, akwai gandun dajin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, kimanin kilomita 110 daga garin Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan a 2006 aka mayar da shi hannun gwamnatin jihar Bauchi. A sansanin Wikki da ke cikin dajin akwai ɗakunan kwana, ga kuma ruwan ɗumin nan da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, zafinsa yana nan a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Lokacin rani ne ya fi daɗin zuwa, domin ciyawa ta bushe kuma dabbobi na gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Sai dai wurin yana da hukuma da dokokinsa, don haka a tambayi ma'aikata halin da hanya take ciki kafin a taso daga gida, a kuma tambaye su inda aka yarda a kunna wuta. Kuma a yi hattara da gwaggon biri na Wikki. Sun saba da mutane ƙwarai, suna wafce leda daga hannun yaro, suna shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Kada a ba su abinci, kada a bar kular abinci a waje.

To, mu dawo kan murhu, don nan ne zuciyar maganata.

Kuskuren da ke ɓata irin wannan fita shi ne a ɗauko kicin ɗin gida ɗungurungum a kai shi daji. A ce za a yi tuwo da miyar taushe, a yi soyayyar shinkafa da kaji, a yi farfesu. Wa zai yi? Ita dai uwar yaran, wadda ta bar risho da famfo ta zo tana fama da hayaƙi da ruwan jarka. Kowa ya huta ban da ita. In haka za a yi, gara a bar ta a gidanta. Shi ya sa na ce abincin ya zama mai sauƙin da uba da yaro ɗan shekara goma za su iya kammala shi ba tare da an kira Mama ba.

Abu na farko da yaro zai koya shi ne ba a girki a kan harshen wuta, a kan garwashi ake yi. A share fili tsawon taku uku ta kowane ɓangare, a kawar da busasshiyar ciyawa, a ɗan haƙa rami, a jera duwatsu uku. A fara da ƙirare da karan dawa, a bi da ƙananan itace, sannan manya. A bar ta ta ci har ta faɗa, ta zama jan garwashi mai toka a sama. Wannan jiran shi ne ya fi wahalar da yara, kuma yana da kyau su sha shi. Kafin a ɗora tukunya, a dama toka da ruwa a shafe gindinta kamar yadda matan ƙauye ke yi, gobe baƙin hayaƙin zai fita da wanki ɗaya.

Dankalin Hausa shi ne sarkin abincin wuta. Ba a feraye shi, ba a yanka shi. A tona toka mai zafi a gefen murhu, a binne shi, a ja garwashi a rufe, a manta da shi kamar minti arba'in. In tsinke ya shige shi ba gardama, ya nuna. A ɓare, a barbaɗa yajin ƙuli da ɗan man gyaɗa. Doya ma haka, a ɗora ta da ɓawonta a kan garwashi ana juyawa, in ta yi baƙi a kankare da wuƙa a ci da manja da gishiri da albasa. Masara ɗanya in an samu ta noman rani, wannan aikin ƙaramin cikinsu ne, a ba shi ya riƙa juyawa, zai ji shi ma ya ciyar da gida.

Abincin dare na sosai kuwa, dafa-duka ce a tukunya ɗaya. A jajjaga tattasai da attaruhu da albasa tun daga gida a zuba a roba mai murfi. A daji sai a zuba mai, a soya jajjagen, a tsaida ruwa, a sa daddawa da busasshen kifi, in ya tafasa a zuba shinkafa, a janye rabin garwashin daga ƙarƙashi don kada ta kama. Shi ke nan. Wanda ya fi son ɗanwake ya haɗa garinsa da kuka tun a gida, a can sai jiƙa kanwa da kwaɓawa, kuma babu abin da yara ke so kamar a ba su damar jefa shi cikin tafasasshen ruwa, a tsaya kusa da su dai saboda fallatsi.

Nama yana da ƙa'idarsa. Ɗanyen nama ba ya jure zafin mota da na rana, don haka in za a yi tsire, a yanka shi falle-falle tun a gida, a shafe shi da ƙuli da citta da gishiri, a sa cikin kula da ƙanƙara, kuma a gasa shi a daren farko, kada a ce a ajiye na gobe. Na gobe kilishi ne da dambun nama, waɗanda dama don tafiya aka ƙirƙiro su. A zo da tsinken tsire daga gida. Kada yaro ya karyo kowane reshe ya soke nama da shi, musamman tumfafiya da tinya, ruwansu mai kama da madara guba ne, kuma yana illa ga ido. Ko a wuta kada a sa su.

Da safe shayi ne, da citta da kanumfari, da burodi ko gurasa da aka ɗumama a bakin garwashi, da ƙwai da aka dafa. Ga garin kwaki da ƙuli da sukari a jaka saboda yaron da yunwa za ta kama tsakanin abinci da abinci.

Me ya sa na nace sai uba ya yi girkin? Domin a gidajenmu da yawa yaro namiji yana girma da tunanin cewa tukunya ba ta shafe shi ba, sai ranar da ya tafi jami'a ko bautar ƙasa ko kasuwanci a Legas, ya ga ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Alhali masu tsire, masu shayi, masu balangu, masu kilishi, duk maza ne, kuma babu wanda ya ce mutuncinsu ya ragu. In yaro ya ga babansa ya tsuguna yana fifita wuta, hayaƙi na sa shi hawaye, ya zuba abinci a faranti ya miƙa wa mahaifiyarsu tana zaune a tabarma, ya ga abin da nasiha ta shekara ba za ta koya masa ba. 'Ya mace ita ma ta gani, ta san cewa hidimar gida abu ne da ake iya karɓar wa juna. Uwar kuma ta samu yini guda da hannunta bai shiga ruwan wanke-wanke ba, wanda wata rabonta da haka tun kafin aure.

A tanadar wa mata sirrinsu kafin komai. Da an isa, aikin farko shi ne a kafa zana ko a ɗaura zannuwa a kewaye wurin kama ruwa da canja kaya, nesa da wurin girki, a haƙa rami a ajiye buta da sabulu. Yawancin matan da ke ƙin irin wannan fita, wannan ne dalilinsu, kuma suna da gaskiya.

Akwai abubuwa uku da ba na wasa da su. Na ɗaya, komai tsananin sanyi kada a shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko ɗaki a rufe. Gawayi na fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take ɗauke shi, kuma an sha rasa rayuka ta haka a lokacin hunturu. A zo da barguna da rigunan sanyi, wuta ta tsaya a waje. Na biyu, maciji da kunama. Kububuwa tana yawo da dare kuma launinta ya saje da ƙasa, yawan saranta ne ya sa garin Kaltungo a jihar Gombe yake da asibiti na musamman don saran maciji. Kowa ya sa takalmi rufaffe bayan magariba, kowa da tocila, kada yaro ya cusa hannu ƙarƙashin dutse ko tarin itace, a kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, a hana mutumin yawan motsi a nufi asibiti kai tsaye. Gidan sauro kuma wajibi ne ko da ana sanyi. Na uku, wutar daji. Iskar hunturu na iya ɗaukar tartsatsi ɗaya ta cinye karan gona da rumbun bawan Allah. Kafin a kwanta a zuba wa wutar ruwa, a juya tokar da sanda, a sake zubawa, har sai an kusanto da bayan hannu an ji babu ɗumi.

Tsakanin isha'i da barci kuwa, a tara wayoyi a jaka ɗaya, a bar ta maigida kaɗai a kunne saboda larura. A yi sallah cikin jam'i a fili, babban yaro ya kira sallah. Sannan wanda ya iya tatsuniya ya ce ga ta nan ga ta nanku. Za ka yi mamakin yadda yaron da ba ya haɗa jimla biyu da kai a gida zai buɗe baki a bakin wuta ya ba ka labarin makarantarsu, har da abin da ke damunsa.

Kuɗin abin bai kai yadda ake tsoro ba. Wanda ba shi da tanti ya ɗaura tamfol tsakanin bishiyoyi biyu, ko ya yi amfani da bukkar gona. Tabarmi, barguna, tukunya ɗaya, butar shayi, wuƙa, ashana, jarkokin ruwan sha daga gida, duk akwai su a ɗaki. Man mota ne kawai babban kashi, shi ma in gida biyu na 'yan'uwa suka haɗu sai ya yi sauƙi, kuma yawan ya ƙara tsaro. Itace a tsinci busasshe da ya faɗi ko a saya a bakin hanya, kada a sare ɗanyen reshe a gonar mutane. A zo da buhu ɗaya na musamman don shara, duk ledar ruwa da robar lemo da gwangwani su koma gari tare da ku, domin awaki da shanun masu gonar suna haɗiye leda, tana taruwa a tumbinsu har ta kashe su.