Mura ta wuce, ashe ta bar ɓarna a zuciya

Ƙanena shekararsa 23, bai taɓa kwana a asibiti ba. Ya yi mura da zazzaɓi na kwana huɗu, da ya ɗan ji dama-dama sai ya ɗaura takalmi ya koma fili buga ƙwallo. Bayan mako guda na tarar da shi zaune a bakin gado, ya dafe ƙirji yana haki kamar wanda aka koro, alhali daga banɗaki kawai ya fito. Muka ce olsa ce. Wallahi har yau maganar nan tana ci mini rai. Sai da aka yi gwajin jini aka ga sinadarin tiroponin, wanda ke fita cikin jini in tsokar zuciya ta ji ciwo, ya hau, likita ya ce tsokar zuciyarsa ce ta kumbura, ciwon da suke kira mayokadaitis.

Jama'a, ciwon nan ba ya jiran tsufa, ba ya jiran hawan jini. Samari ma ya fi kamawa. Yawanci ƙwayar bairos ce sila: Coxsackie B, adenobairos, bairos ɗin mura mai zafi, har da korona. Wani lokaci ƙwayar ce ke shiga tsokar da kanta, wani lokaci kuma garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, garin yaƙar baƙo ta ji wa ɗan gida ciwo. Mashaƙo ma na haddasa shi ta dafin da ƙwayarsa ke fitarwa. Haka hodar ibilis, da wasu magunguna irin su clozapine na ciwon taɓin hankali, da cutar lupus da ke sa garkuwar jiki ta yaƙi jikin kansa.

Na san wani zai ce, to rigakafin korona fa? Gaskiya ne, an samu kumburin a wasu samari bayan allurar korona nau'in da ake kira mRNA, musamman ta biyu, amma ba kasafai ba, kuma akasarinsu sun warke. A jimlace cutar koronar kanta ta fi allurar jawo shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan jarumtar ta "zufa ce za ta fitar da zazzaɓin". Zuciyar da ta kumbura in aka tilasta mata gudu, bugunta na iya rikicewa, mutum ya faɗi a fili bai tashi ba. Ciwon ƙirji, haki, ko faɗuwar gaba bayan mura, asibiti ake kai shi a ranar.

Likita ya hana ƙanena motsa jiki mai ƙarfi na wata 3 zuwa 6. Takalman nasa na nan ƙarƙashin gado, kullum da yamma sai na ga yana kallonsu.