Gwajin ƙanjamau bai gano kowane ciwon sanyi ba

Sau da yawa za ka ji an ce, "Ai mun yi gwajin aure, jininmu lafiya lau." Takardar nan da aka riƙe ta faɗi gaskiya, amma a kan abin da aka gwada kaɗai.

Gwajin da ake tsaga yatsa a ɗiga jini a kan ɗan tsinke, a jira kamar minti 20, alamar ƙwayar HIV yake nema. Shi ma yana da sharaɗi: jiki kan ɗauki makonni kafin alamar cutar ta bayyana a jini, don haka wanda ya yi gwaji jim kaɗan bayan abin da yake tsoro ya faru, sai ya sake bayan wata 3.

Kilamidiya kuwa, wani ciwon sanyi da ake ɗauka ta hanyar jima'i, ba ta wannan hanya ake gano ta ba. Fitsari ake karɓa, ko a goga auduga a gaban mace a kai ɗakin gwaji. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin masu ɗauke da ita ba sa jin komai, ba ƙaiƙayi, ba zafin fitsari. A haka take hawa ta toshe bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sai a shekara biyar ana yawon neman haihuwa, ana ɗora wa matar laifi.

Alhali kwana 7 na maganin doxycycline kan kashe ta, muddin miji da mata, har da abokiyar zama in akwai, sun sha tare. Mai ciki kuma wani magani daban likita zai ba ta.