Takunkumin korona ba na fenti ba ne

To kun dai ga hoton nan na wani garejin fentin mota, ba sai na sake ɗorawa ba. Oga ya sayo kwalin shuɗin takunkumin nan da muka sha fama da shi a 2020 ya raba wa yaran garejinsa, har da jera su a ɗau hoto wai yana kula da lafiyar ma'aikata. Sannu da ƙoƙari Alhaji, saura lambar yabo.

Abin da ya sa ya tsaya min a rai, ɗan yayata a irin wannan garejin yake koyon fenti. Shekaranjiya ya cire nasa a gabana, cikin takunkumin jawur kalar motar da suka fesa, ya fyace hanci majinar ma ja. Yaro ɗan shekara 17.

Wannan shuɗin abin yawu da feshin tari aka yi shi ya tare, gefe da gefensa a buɗe yake, ba na fenti ba ne. Ko takunkumin N95 ɗin da ake ji da shi ƙura yake kamawa, kashi 95 cikin 100, ya yi daidai in ana goga samfefa, amma tururin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, wucewa yake ta cikinsa kamar ruwa a kwando. Na tina shi ne na roba mai gwangwani biyu a kumatu, akwai gawayi a ciki da yake shanye tururin. Fentin da ake haɗawa da hadna, mai sa shi ya bushe ya yi tauri, kuwa akwai sinadarin aisosayanet a cikinsa mai jawo asma, shi ya sa a Ingila hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ce mai fesa shi sai da takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo. Mu kuma an ba yaro ƙyalle mai igiya biyu an ce bismillah.

Na san masu zuwa min da ai da tsada. Kuɗin fentin mota ɗaya nawa ne? Wayar da aka ɗau hoton da ita fa? Sai masu cewa mu shekara ashirin muna yi ba abin da ya same mu, Baba je ka hau bene hawa biyu ka dawo mu yi magana. Masu cewa komai ajali ne kuwa ba ni da lokacinku, ku ma kuna kulle gareji da kwaɗo da daddare.

Kuma don Allah wanda ya samu na kirkin kada ya rataye shi a ƙusa kusa da galan ɗin tina, gawayin yana ta shan tururi ko ba a fuska yake ba, kafin ka ankara ya ƙoshi. A cire gwangwanayen a ƙulle a leda, a wanke robar da sabulu a shanya a inuwa. Kafin fara aiki ka toshe bakin gwangwanayen da tafin hannu ka ja numfashi, in robar ta lotsa ta manne to ya zauna, in iska na shigowa ta gefe gyara igiya. Ranar da ka ji warin fenti daga ciki ai ka ma makara, canja su. Maganar gemu ba daɗin faɗa amma gaskiya ce, gashi na hana robar kama fata, mai cikakken gemu sai irin mai hular da ke rufe kai gaba ɗaya ana hura masa iska.

Wallahi ba don in ci mutuncin kowa na rubuta ba, tarin yaron nan nake ji ta katanga cikin dare, uwarsa tana ta dafa masa citta.

Af, sai kuma zancen madara. Wai in an tashi aiki a sha gwangwani ɗaya ta wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, fenti huhu ya shiga, ina suka haɗu? Ni dai na fi zargin mai shayin bakin gareji ne ya ƙirƙiro wannan fatawar, don duk yamma layi ake yi a teburinsa kuma ba ya ba da bashi.