Ƙarfin jiki ba ya hana ciwon hawan tsauni

Da yawa na ɗauka cewa wanda ya saba motsa jiki zai iya sauka a ƙaramin garin kan tsauni yau, gobe ya kama hawa lafiya lau. Ba haka ba ne. Daga tsayin mita 2,500 zuwa sama, iskar oksijin da kowane numfashi ke shigarwa takan ragu. Sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci ya gagara. Majiya ƙarfi ma ba su tsira ba, musamman da yake su ne masu gaggawa. Lokaci jiki yake buƙata: a yi kwana biyu a garin tukuna, ana shan ruwa. Idan ciwon ya tsananta ko mutum ya fara tangaɗi, a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne.