Kyautar dala dubu 100 ba ta goge bashin Super Falcons ba

Tun ranar da aka karɓi 'yan Super Falcons, tawagar ƙwallon mata ta Najeriya, a fadar shugaban ƙasa bayan sun ci kofin Afirka a 2025, aka ce kowace 'yar wasa za a ba ta kwatankwacin dala dubu 100 da gida mai ɗaki uku da lambar girma ta OON, maganar ƙwallo ta mutu murus sai maganar kuɗi. Kowa ya ɗauko waya yana lissafin canji, wasu kuma sai tafi suke suna cewa to yanzu kam an share wa yaran nan hawaye, an wuce wurin. Wannan "an wuce wurin" ɗin ne ya hana ni sakat, don wallahi ba a wuce ko'ina ba. Masu cewa ɓarnar kuɗi aka yi wai don ƙwallon mata ba ƙwallo ba ce, su kam ba zan ɓata lokaci a kansu ba, su je su ƙirga kofunan tukuna.

Na kalli wasan ƙarshen nan na 26 ga Yulin 2025 a gidan kallo, kuma sai da muka roƙi mai gidan kafin ya yarda ya sa mana, mu bai fi goma sha ba a kan benci. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Maroko ta zura mana biyu a Rabat, a gaban 'yan kallonta, wani dattijo da ke kusa da ni ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce "kai ni na tafi, wannan an gama". Bai kai bakin ƙofa ba ya dawo ya tsaya a tsaye, kuma a tsayen ya ga Esther Okoronkwo ta ci fenariti, ya ga Folashade Ijamilusi ta farke, ya ga Jennifer Echegini ta zura ta uku saura minti biyu a tashi. Lokacin da alƙaliyar wasa ta busa, ɗakin ya cika maƙil da mutanen da ihu ya jawo daga waje. Ba na raina wannan dare ko kaɗan. Kofi na 10 ke nan a Afirka, babu wata ƙasa da ta kusanto, Ikwatoriyal Gini na da biyu, Afirka ta Kudu na da ɗaya.

Amma dan Allah a tuna yadda aka ciyo kofunan nan. A 2004 sun ci kofi a Afirka ta Kudu suka ƙi fita daga otel sai an biya su haƙƙinsu. A 2016 sun doke Kamaru a gidanta suka dawo Abuja, suka sake zaman dirshan a otel har sai da suka ɗauki kwalaye suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, zakarun nahiya guda a kan titi cikin rana suna neman alawus ɗinsu. A 2019 bayan Jamus ta fitar da su a gasar kofin duniya, nan ma a Faransa sun ƙi barin masauki saboda bashi. A 2022 a Maroko sun ƙaurace wa atisaye kafin wasan neman na uku da Zambiya, suka sha kashi suka ƙare a na huɗu. A 2023 kocinsu Randy Waldrum da bakinsa ya fito ya ce yana bin albashin watanni, ƙungiyar 'yan wasa ta duniya FIFPRO kuma ta fitar da sanarwa cewa akwai kuɗin da yaran ke bi tun 2021. Kusan shekara 20 ana abu ɗaya, shugabannin hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya NFF na sauyawa halin bai sauya ba, sannan a zo rana ɗaya a gaban kyamara a raba kyauta a ce mana mu yi shiru an gyara.

Kyauta ai sai mai bayarwa ya ga dama, kuma sai an ci kofi. Da a ce ƙwallon Echegini ta bugi turke ta fita, da Maroko ta ci a bugun fenariti, wa zai kira su fada? Da yanzu wataƙila labarin da muke karantawa shi ne na wani otel ɗin kuma. Abin da 'yar wasa ke buƙata shi ne ta san ranar da ta shiga sansani nawa za a ba ta kuma yaushe, ko an ci ko ba a ci ba.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne yadda wannan murna ke rufe mana ido daga kallon inda muka tsaya cak. Najeriya ba ta taɓa fashin zuwa gasar kofin duniya ta mata ba tun ta farko a 1991, sau 9 ke nan, ƙasashe ƙalilan ne a duniya ke da wannan tarihi. To ina muka taɓa kaiwa? Kwata fainal, sau ɗaya tak, a 1999 a Amurka, zamanin su Mercy Akide da Florence Omagbemi, ranar da Birazil ta ci mu uku muka farke duka ukun kafin 'yar wasansu Sissi ta kashe wasan a ƙarin lokaci aka tashi 4-3. Sama da shekara 25 ke nan ba mu sake taka wannan matakin ba. A Olamfik ma kwata fainal ɗin 2004 shi ne ƙololuwa, bayan 2008 muka ɓace har sai 2024, da muka koma kuma Birazil da Sifaniya da Japan duk suka doke mu muka dawo gida ba maki ko ɗaya.

Kuma ba wai yaran ba su iya ba ne, wanda ya kalli 2023 ya sani. Chiamaka Nnadozie ta tare fenaritin Christine Sinclair aka yi canjaras da Kanada, suka doke Ostiraliya mai masaukin baƙi 3-2, suka riƙe Ingila minti 120 ba ci, Ingilar da ke riƙe da kofin Turai, har Lauren James ta fusata ta taka Michelle Alozie aka ba ta jan kati, sai a bugun fenariti aka fitar da mu. Tawagar da ta shiga gasar tana rigimar kuɗi da hukumarta ita ce ta yi wannan. Ka yi tunanin da an ba su sansani mai kyau da wasannin sada zumunta da manyan ƙasashe a kan kari, ba sai gasa ta ƙarato a tattaro su a gurguje ba.

Su kuma waɗanda muke taƙamar mun fi, ba barci suke ba. A gasar 2023 ɗin nan Maroko da Afirka ta Kudu su ma sun kai zagayen 'yan 16, daidai da mu, Maroko kuma zuwanta na farko ke nan. Tun da aka fara gasar zakarun kulob-kulob ta mata a Afirka a 2021, Mamelodi Sundowns ta ɗauka, AS FAR ta Maroko ta ɗauka, TP Mazembe ta Kongo ta ɗauka, ƙasar da ke da kofi 10 kuwa ko kulob ɗaya nata bai ɗaga ba. Duba tawagar tamu ma, Alozie a Amurka aka haife ta, Echegini a Holan, Ashleigh Plumptre a Ingila. 'Yan Najeriya ne kuma Allah ya saka musu da suka zaɓi rigar nan, amma wasu ne suka raine su suka koya musu ƙwallo, mu dai mun tsinci dami a kala. Yarinyar da ke buga wa Nasarawa Amazons ko Adamawa Queens a fili mai ƙura, wadda ba ta da tabbacin albashin ƙarshen wata, ita ce ya kamata ta zama tauraruwar gobe irin Asisat Oshoala, kuma ita ce babu wanda ya ambata a fada.

Ba na cewa a karɓe kyautar, sun ci guminsu. Abin da nake cewa NFF ta fito ta faɗa wa 'yan ƙasa ƙarara ko akwai sauran 'yar wasa ko koci da ke binta, ta biya, ta rubuta yarjejeniya da yaran a kan alawus yadda kowa zai gani. Gwamnonin da suka yi rige-rigen ƙara musu miliyoyi su juya su dubi kulob ɗin mata na jihohinsu, waɗanda ba su da shi kuma su faɗa mana dalili. Gasar kofin duniya ta gaba a Birazil za a yi a 2027, kuma ba na so in sake ganin hoton kyaftin ɗinmu zaune a harabar otel da jakarta a gefe tana jiran alat.