"Ni dai a ganina" ta ishe mu, samarin Zango

Daren Talata bayan isha'i, wani yaro ya faɗi da ɗan babur ɗin nan mai caji da ake hawa a tsaye, a bakin titin unguwar Aboabo a nan Kumasi, Ghana. Kai ba hular kwano, waya a hannu, tayar gaba ta faɗa rami, sai ga shi kwance a bakin kwata. Faɗuwar ba ita ta hana ni barci ba, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Bakunan da suka taru a kansa ne suka ƙona mini rai. Wannan ya ce a ja ƙafar ta koma, wancan ya ce a ɗura masa ruwa, wani ya ce a ciccibe shi zaune. Likitoci ashirin, babu wanda ya taɓa riƙe ko allura! Sai da wata uwa ma'aikaciyar jinya ta fatattake su, ta ce wanda ya bugu a kai ko wuya ba a jijjiga shi, ta kira motar asibiti.

Ƙannena, wallahi ina son ku, amma wannan ɗabi'a ta faɗin abin da ba ku sani ba ta kai ni maƙura. Kafin a kai yaron asibitin Komfo Anokye, majalisar ataya ta yanke hukunci: "Ni dai a ganina, abin nan wasan yara ne, ba ya kisa." Ka taɓa hawa? A'a. Ka san tayarsa ƙarama ce, ramin da okada zai haye shi zai kifar da shi? Ka san ba ya ƙara, mai tafiya ba ya jin zuwansa? Birnin Paris da titinsa sumul, a 2023 mutanensa suka kaɗa ƙuri'a aka kwashe na haya gaba ɗaya. Mu nan da pragya (keken fasinja mai ƙafa uku), aboboyaa (keken ɗaukar kaya) da trotro (ƙananan bas na haya) ke kokawa a hanyar kasuwar Kejetia, kai ne za ka ba da fatawa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Haka kuke yi lokacin gasar kacici-kacicin kimiyya da lissafi ta talabijin, wadda kwalejin Prempeh ta nan Kumasi ta ɗauki kofinta na farko a 1994. Yaro ya kwana wata da watanni yana karatu, ya yi tuntuɓe a tambaya guda, sai mai kwance a benci, wanda jarrabawar gama sakandare ta WASSCE ta kayar sau biyu, ya ce, "Wannan ai daƙiƙi ne." Kuma rabinku ba gasar kuke kallo ba, cacar ƙwallo kuke latsawa a waya da kuɗin kokon iyayenku mata. Wannan maganar wata rana ce.

Yanzu kuma ga ChatGPT, manhajar nan da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa, tun ƙarshen 2022. Wani ya ce haramun ne, wani ya ce malamai sun gama aiki. Duk ba su san cewa na'urar jera kalmomi take yi, tana iya shirga ƙarya da murya mai daɗi ba. Ɗan ƙanwata ya kwafe aikin gida daga can, na ce ya bayyana mini layi ɗaya, sai sosa ƙeya. Amma da na yi faɗa, har da "Kawu, a ganina zamani ne ya wuce ka." To, na ji. Magana zarar bunu ce.

A da, a makarantar allo, in Malam bai san abu ba, cewa yake "Allahu a'alamu", girmansa bai ragu ba. Imamu Malik kansa, da aka yi tafiyar watanni don a tambaye shi, yakan ce "ban sani ba". Yaro a gaban manya kunne yake bayarwa. Ina wannan kunyar ta tafi? Ku dinga tambaya mana, matambayi ba ya ɓata.

Jiya na bi ta majalisar, na tarar suna gardamar ƙashi nawa ne ya karye. Na tambaya wa ya je dubiya. Aka yi tsit, mai ataya ya ci gaba da fifita gawayi.